Aron Lasin

Fasfon ya dawo daga Ikko fes, ko ɗigon tawada babu a shafin biza. Ademola, akawun kamfanin jigilar gyaɗa a Illo, ya ajiye shi gaban Attahiru, ya ɗora wata farar takarda a kai.

"Malam Attahiru, mutanen Dahome sun ƙi."

"Sun ƙi mi?"

"Bizar. Sun ce ba sa ba direban da kotu ta taɓa kamawa da tuƙi cikin maye. Ga shaidar 'yan sanda nan. Bagudo, shekara biyar da suka wuce, wata uku a gidan yari."

Attahiru bai yi boko ba, amma ya san siffar sunansa a rubuce. Ga shi kuwa, ƙuru-ƙuru.

"Akawu, dube ni da kyau. Giya ba ta taɓa shiga bakin nan ba."

"Ni na sani. Ko goro sai an matsa maka. Amma takarda ba ta taɓa zama da kai ba."

"Ai ta Turawa ce. Ba sun tafi ba?"

"Sun tafi, kabad ɗinsu suka bari." Ademola ya rufe fayil. "Sati huɗu zan iya riƙe maka motar. In sun wuce, wani zan ba."

Abin da ya faru ba shi da tsawo. A wancan lokacin lasin tuƙi ɗaya ne a gidansu, na Attahiru. Zazzaɓi ya kwantar da shi ranar da za a kai kaya kasuwar Illo, sai ƙanensa Namadi ya ari lasin, kamar yadda yakan ari rigarsa ta Juma'a. Sun yi kama, hoton kuma ya koɗe. Namadi ya tsaya gidan burkutu a hanya. A kwanar Lafagu ya afka wa rumfa, ya karya ƙafar wata mai tallan nono. Da ɗan sanda ya ce ya kawo lasin, ya miƙa. Attahiru ya yi gum, don in ya yi magana su biyu za a ɗaure, uwarsu Goggo ta rasa mai kawo mata hatsi. Namadi ya yi wata uku yana amsa sunan wansa, ya fito, kowa ya ɗauka magana ta mutu.

Yanzu an samu 'yancin kai, an gitta ƙarfe a kan iyaka. Mai jaki yakan bi ta daji ya shige, amma babbar mota sai ta bakin ƙarfen. Maigidan Attahiru na da ya sayar da tasa motar wata bakwai ke nan. Matarsa Rabi ta fara auna gero da rabin ƙwarya, ga 'ya'ya mata uku. Aikin kai gyaɗa tashar jirgin ƙasa ta Faraku, cikin Dahome, shi kaɗai ya rage.

Ya tarar da Namadi a ƙauyensu Sharabi, ƙofar ɗakin Goggo, yana gyaran ƙotar fartanya. Ya jefa masa takardar a cinya.

"Ga tsarabarka."

"Yaya, ka san ban karatu."

"Ka dai iya sha. Tashi mu je Bagudo ka faɗa musu kai ne."

"In je. Su sake ɗaure ni, kai kuma su karɓe lasin don ka ba da aro. Wa ya ci riba?"

Attahiru ya ɗaga hannu zai kai masa mari, ya fasa. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan.

Namadi ya ajiye fartanyar. "Sunana fa babu shi a littafin kowa. Ko asibiti ban taɓa kwana ba. Ɗauki. Ka sa hotonka, ka je Sakkwato ka sake jarrabawa. Ni mi zan yi da shi? Nan zan mutu."

Goggo tana ciki tana jin su. Ɗan fari ne Attahiru, tun haihuwarsa ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ta ɗaga labule.

"Kai, wancan. Ragon da ubanka ya yanka ranar sunanka, shi ya yi kiwonsa da hannunsa. Kunya ta sa ban kira sunan ba, ba don ka yar da shi ba."

"Goggo, suna ake tuƙa tuwo da shi?"

Ta saki labulen.

A Sakkwato mutumin da ya shekara goma sha huɗu a kan sitiyari ya shiga layin 'yan koyo. Da gangan ya bari giyar motar ta yi ƙara sau ɗaya don kada a yi zargi. Mai jarrabawa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Namadi, in ka daure za ka zama direba." Da sabon fasfo ya iso Illo, Ademola ya dubi hoton, ya dubi sunan, ya daɗe yana goge tabarau.

"Ban taɓa ganinka ba, ko?"

"Ba ka taɓa ba."

Wannan karon biza ta fito cikin kwana tara.

Ranar tafiya da hantsi motoci shida suka yi layi a bakin ƙarfen. Direbobi suka zauna gindin kuka suna jiran jandarma, ɗan sandan Dahome, ya gama duba takardu. Attahiru yana kallon hanyar Sharabi. Jandarman ya fito da fasfuna a hannu yana kira ɗaya-ɗaya.

"Namadi!"

Shiru.

"Namadi!"

Direban da ke kusa ya zungure shi da gwiwar hannu. "Malam, ba kai ba ne? Ko ka ɗan taɓa ne da safen nan?"

Sauran suka kwashe da dariya. Attahiru ya miƙe, ya kaɗe ƙurar wandonsa.

"Na'am," ya ce.