Hannun Malam Shiru

A sashenmu akwai wata al'ada da Farfesa, shugaban sashen, ya kafa tun kafin a ɗauke ni aiki: ba a buɗe hannun gawa ko fuskarta sai darasinsu ya zo. Ƙirji da ciki, in ji shi, ɗalibi yana iya daurewa ya kalla. Amma hannu da fuska su ne mutum. Saboda haka ake naɗe su da farin bandeji, hannu sai tsakiyar zango, fuska kuwa sai makon ƙarshe.

Ni ke koyar da ɗaliban likitanci ginin jikin ɗan'adam, kuma ranar da nake ba da labari ranar hannu ce. Hantsi ya cika ɗakin fiɗa, fankoki suna ta juya warin maganin adana gawa, wannan mai sa ido hawaye ko mutum ba shi da damuwa. Ɗalibaina sun kewaye teburin ƙarfen da ke kusa da taga. Gawarwakin da ake kawo mana na waɗanda babu wanda ya zo nema ne, ba su da suna, shi ya sa yaran suka raɗa wa tamu Malam Shiru.

"Dakta, yau dai za mu gaisa da Malam Shiru hannu da hannu," in ji Dogo, sarkin surutun ajin. "Tun farkon zango muke cin arzikinsa, ko musabaha babu."

"Kai dai riƙe bakinka," in ji Monita, wadda ke shugabantar su. "Wa ya kusa sumewa ranar ƙirji, ya ce wai yunwa ce?"

Aka yi dariya, har da ni. Na sa safar hannu, na kama bakin bandejin hannun hagu na fara warwarewa. Babban yatsa ya fito, sai tafin, sai sauran yatsun a lanƙwashe kamar mai riƙe da wani abu. Sai na ga gefen ƙaramin yatsa. Akwai wani ɗan tudu a wurin, kamar ƙwayar wake, da tabo a kansa. Wurin cindo ne, yatsa na shida da aka cire tun mutum yana jariri.

Na saki bandejin.

Yayana yana da irin wannan tudun, a wannan hannun, a wannan wurin. Ina ƙarama shi nake murzawa idan yana riƙe da ni za mu tsallaka titi. Da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, wata safiya ya fita da silifas ya ce zai sha iska, bai dawo ba. Mun zaga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda har ƙafafunmu suka san hanya da kansu. Har yau Umma ba ta yarda a sa sakata a ƙofar gida da wuri.

"Dakta?" in ji Monita. "Mu fara?"

Ta riga ta ɗora wuƙar fiɗa a kan tafin. Na buɗe baki in ce su bi layin tsakiya, su ɗaga fata a hankali saboda jijiyoyin wurin sirara ne, amma sai wani abu ya faɗo mini a rai. Makonni kaɗan da suka wuce ni da kaina na yanke haƙarƙarin mutumin nan. Ni na ɗago zuciyarsa da hannu biyu, na ce su miƙa wa juna kowa ya ji nauyinta. Har Dogo ya ce daga gani Malam Shiru bai taɓa soyayya ba, zuciyar ba ko tsaga, kuma na yi murmushi. Wayyo Allah, na yi murmushi!

"Ɗaga wuƙar," na ce.

"Na yi kuskure ne, Dakta?"

"Ki ɗaga wuƙar nan na ce!"

Ta ajiye ta da sauri har ta yi ƙara a kan tire. Sauran teburan suka juyo. Na zagaya ta wajen kan gawar, na kama bandejin fuska.

"Ai ba a buɗewa sai makon ƙarshe," Dogo ya faɗa, muryarsa ta koma ƙasa. "In Farfesa ya ji..."

Ban saurare shi ba. Na warware, ina jin yadin yana manne wa safata, ina kiran sunan Allah a zuci, ina roƙon kada in gani, ina kuma son in gani. Goshi ya fito, idanu a rufe, hanci ya ɗan baje saboda kwanciya, kai an aske shi tas. Na zuba wa fuskar ido.

Ban gane komai ba.

Magani ya mai da fatar launin toka, ya ja kumatu, ya shafe duk abin da ake gane mutum da shi. Zan iya lissafa kowace tsoka da ke ƙarƙashin fuskar nan, wadda ke ɗaga gira da wadda ke jan leɓe in za a yi dariya, amma na kasa cewa Yayana ne ko ba shi ba ne. Na leƙa ta dama, kamar shi. Na leƙa ta hagu, baƙo. Wannan ya fi komai firgita ni. Gumi ya jiƙa mini baya, ɗakin ya fara juyawa tare da fankoki.

"Ruwa! A kawo mata ruwa!" na ji Monita tana cewa. "Dakta, kin san shi ne?"

"Ban sani ba," na ce. "Wallahi ban sani ba."

Sai na tuna keken. Yaya ya taɓa goya ni a kekensa zuwa makaranta, wata mota ta matse mu, ya ture ni gefe shi ya faɗa kwata. Ƙwaurinsa na dama ya karye. Bayan ɗori wurin ya bar ƙulli, yakan kama hannuna ya ɗora a kai ya ce, "Ƙanwata, ga bashin da ke kanki, in kin zama likita ki gyara." Ƙashin da ya karye ba ya mantawa, wannan ni nake koya wa yara. Kuma ƙwauri fata ce kawai a kansa.

Na koma ƙarshen tebur na yaye mayafin ƙafar dama. Na ɗora yatsu biyu ƙarƙashin gwiwa. Na fara bin ƙashin a hankali, ina jiran ƙullin nan kamar mai jiran mari. Na wuce tsakiya. Na kai idon sawu. Na sake komawa sama na biyo, ina dannawa sosai.

Sumul yake. Ba a taɓa karya ƙafar nan ba.

Na durƙusa a gindin teburin ina kuka, ɗalibai sun yi cirko-cirko. Da na samu numfashi na gaya musu a taƙaice: ina da yaya da ya ɓace, yana da tabon cindo, amma ba shi ba ne. Dogo ya ɗauki bandejin, ya shiga mayar wa mutumin a fuska, yana gyara gefen kunne kamar mai naɗa wa mahaifinsa rawani.

Muka yi darasin. Monita ta ɗaga fatar tafin da taushin hannun da ban taɓa gani a wurinta ba, na nuna musu jijiyoyin da ke jan yatsu. Babu wanda ya sake cewa Malam Shiru.

Da aka tashi suka wanke hannu a famfo suka fita. Na ɗauki jakata, har na kama hannun ƙofa, ina tunanin abin da zan ce wa Umma in ta tambaye ni yadda aiki ya kasance. Sai na waiwaya. Ga sauran teburan a jere har bangon ƙarshe, kowane da mayafinsa, kowane fuska a naɗe. Na wasu malaman ne, ban taɓa matsawa kusa da su ba.

Na ajiye jakar. Na zaro sabuwar safa, na nufi na farko, na yaye mayafin ƙafar dama.