Abin da Shaho Ya Gani da Tsakar Rana

Babana ya tsufa ne a kan kiren, doguwar na'urar nan da ke ɗaga siminti da rodi zuwa saman gini. A wurin aiki ba mai kiransa da sunansa, Shaho suke ce masa, domin daga can ƙololuwa, cikin ɗan akurkin ɗakinsa na gilashi, yana iya hango leburan da bai ɗaure igiyar hularsa ba, ya kira shi a oba-oba, 'yar rediyon magana ta wurin aiki, ya wanke shi tas. Da idon nan ya ciyar da mu, da shi ya yi mini makaranta har na zama malamar fiziks. Shi ya sa ranar da aka ce idon ya fara yi masa ƙarya, gidanmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Ga yadda abin ya faro. Kullum in an tafi hutun rana, Baba yakan juya hannun kiren ɗin gabas, ya kashe inji, ya kishingiɗa a kujera yana kallon bakin hannun. Wata rana sai ya ga wani ɗigo fari fat yana ƙyalli a sararin sama, daf da bakin ƙarfen. Babu ƙara, babu hayaƙi, ba ya gudu irin na jirgi. Washegari yana nan, jibi ma haka. Ya yi shiru da bakinsa, har ranar da ya ɗauko damin rodi bayan hutu, ya ɗaga kai ya ga abin ya bar inda yake ya matso. Nan take ya tsayar da kaya a sama yana lilo, ya ɗauki oba-oba ya ce kowa ya ɗaga kai, akwai abin da ke bin sa.

Kowa ya ɗaga kai. Aka yi ta ƙyafta ido har hawaye, aka ɗaga wayoyi aka ɗauki hoto, ba a ga komai ba sai shuɗin sama.

Injiniyan da ke kula da ginin ba mugu ba ne, amma akwai mutane a ƙarƙashin rodin nan. Ya karɓi makullin kiren, ya tura Baba wurin likitan ido. Likita ya gwada shi ya ce idonsa garau, ya fi na samari da yawa. Muka yi murna, ashe murna ce za ta koma ciki. Injiniya ya ce in ido lafiyarsa ƙalau amma yana ganin abin da babu, to sai a je wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma kafin nan an ba wani kujerar.

Sai ga Kawu, ƙanen mahaifiyata, mutumin da duk abin da ya gani a waya ya zama karatu a wurinsa. Abin nema ya samu. Ya zauna a falonmu ya harɗe ƙafa, ya ce shi tun tuni ya sani, jirgin halittun wata duniya ne, kuma sun zaɓi Baba ne saboda ya fi kowa kusa da sama. Kafin la'asar ya baza labarin ko'ina, har masu shago suna tambayata ko baƙin Baba sun sauka lafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba ya fara karkata wajen Kawu. Ban ga laifinsa ba. Mutum ɗaya ne tak ya ce ya yarda da shi, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na same shi a tsakar gida yana goge hular aikin da ba ya zuwa.

"Ke ma cewa za ki yi na zautu?" in ji shi, bai ko dube ni ba.

"A'a, Baba. Ban ce ka zautu ba, ban kuma ce jirgin Kawu ba ne."

"To me kika ce?"

"Cewa na yi mu auna. In a cikin kanka abin yake, na'ura ba za ta gan shi ba. In a sama yake, dole ta gan shi."

"Na gani da idona, me kuma ya rage?"

"Saura wani ido ya gani, Baba."

Ya daɗe yana juya hular. Na san abin da yake tsoro, don ni ma shi nake tsoro: in na'ura ta duba ba ta ga komai ba, ni da kaina na rufe masa ƙofar kiren har abada. Can ya ce, "Mu je."

Injiniya ya yarda, ina jin don ya rabu da ni ne. Ya haɗa mu da Safiyo, wani siririn mutum marar yawan magana, mai na'urar awo mai ƙafa uku da madubin hangen nesa a cikinta. Da hutun rana muka hau bene na ƙarshe, inda ba a yi rufi ba tukuna, muka kafa na'urar a inuwar wani bango don kada tsautsayi ya sa a saita ta da rana a rasa ido. Kawu ma ya biyo mu ba tare da an gayyace shi ba, yana haki.

Baba ya fuskanci gabas ya ɗaga kai. Ya duba, ya sake dubawa. Ya kare fuska da tafin hannu, ya matsa dama, ya dawo hagu.

"Ba ya nan," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Injiniya ya dubi agogo, ya dube ni da irin kallon tausayin nan da ya fi zagi ciwo. Kawu ya ce ai sun ga na'ura ne suka ɓuya. Saura kaɗan in manta kawuna ne.

Sai na tuna abin da nake koya wa ɗalibaina. Idon mutum in ya kalli sararin da babu komai, ba ya samun abin da zai kama, sai ya saki, ya koma ganin kusa. Shi ya sa duk waɗanda suka ɗaga kai daga ƙasa ba su ga komai ba. Shi kuwa Baba kullum bakin ƙarfe yake kallo can nesa, idonsa a miƙe, abin kuma yana gefensa.

"Ranka ya daɗe," na ce wa Injiniya, "a sa sabon direban ya zagayo da hannun kiren ta gabas, a hankali. Baba, kai kuma kada ka nemi komai, ƙarfen kawai za ka bi da ido."

Injiniya ya yi magana a oba-oba. Hannun ya taso yana ratsa sama sannu a hankali, Baba na biye da shi. Ban san lokacin da na riƙe gefen rigarsa ba.

"Tsaya!" ya daka tsawa, da muryarsa ta da. "Ga shi can, ƙasa da ƙugiya kaɗan!"

Safiyo ya bi yatsan Baba, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya kafa ido a madubi. Ya yi ta leƙe har na ji kamar in ture shi. Daga nan ya ɗago, ya ce, "Injiniya, zo ka gani."

Injiniya ya duƙa ya leƙa. Ya ɗago ya kalli sama da idonsa, ya sake duƙawa. "Ikon Allah," ya ce. "Kamar ɗan jinjirin wata, ƙarami, fari tas."

Baba ya zauna a kan bulo. Kawu kuwa ya leƙa ya hau tsalle, wai gefen jirgin ne, ga shi nan a lanƙwashe kamar faranti.

"Kawu, dakata," na ce. "Mun tabbatar yana nan, ba mu tabbatar ko mene ne ba."

Ina da zato, kuma wayata za ta iya faɗa mini nan take. Amma labaran waya irin na Kawu ne suka kai mu inda muke, kuma Baba ya cancanci abin da ya fi haka. Na ce a gaban kowa: "In abin da nake zato ne, zai yi ta sulalewa yamma a bayan rana, ba sauri ba tsayawa, kuma in rana ta faɗi duk za ku gane shi. In ya juya, ko ya tsaya, ko ya kauce wa hanyar rana, to Kawu ya ci, ni da kaina zan kai wa masana labari."

Aka koma aiki, mu muka zauna gadi. Safiyo ya riƙa murɗa na'urarsa kaɗan-kaɗan yana bin ɗigon, don da an bar shi jim kaɗan sai ya fice daga madubin, kuma kullum ta ɓangare guda. Kawu ya yi ta jiran ya yi kwana, bai yi ba. Da aka tashi aiki babu wanda ya tafi gida, birkiloli da kafintoci da leburori duk suka hayo da ƙurarsu. Rana ta faɗa bayan gine-gine, sama ta fara yin duhu, sai ga abin ya fito ɓaro-ɓaro yana walƙiya daidai inda bakin na'urar ke nuni.

Wani tsohon birkila ya kwashe da dariya. "Kai jama'a! Ai Zara ce, matar wata!"

Wurin ya kaure da shewa. Na bayyana musu cewa Zara duniya ce da ke zagaya rana kamar tamu, rana ke haska mata gefe ɗaya shi ya sa ta yi kama da jinjirin wata, kuma da tsakar rana ma ba ta zuwa ko'ina, ganinta ne sai mai ido na gaske. Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "To ai abin da na faɗa ke nan, wata duniya!" Har Safiyo sai da ya dara.

Injiniya ya zaro makullin daga aljihu, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. "Ka yafe mini, Shaho. Amma ko Zara ce ta sauko da kanta, kada ka ƙara tsayar mini da rodi a kan mutane."

"Wannan kam gaskiyarka ce," in ji Baba.

Da muna saukowa ya tsaya a kan matakala, ya sake dubanta. "Ashe ba ni take kallo ba," ya ce, da ɗan guntun takaici.

"A'a, Baba. Kai ne kaɗai kake kallonta a garin nan."

Ya goge ido da hannun riga, ya ce ƙurar siminti ce, ni ma ban musa ba. Daɗin da na ji a wannan matakalar ban ji irinsa ba ko ranar da na gama makaranta.

Washegari da hutun rana na bar aji na wuce ta wajen ginin. Na tarar da ma'aikata a jere cikin inuwa, kowa ya ɗaga kai yana bin bakin ƙarfe da ido, wannan ya ce ya gani, wancan ya ce ƙarya yake. Oba-obar da ke hannun Injiniya ta yi ƙara, muryar Baba ta fito daga can sama.

"Duk wanda ya ce ya gani ya nuna wa na kusa da shi, in ba haka ba ban yarda ba. Kai kuma mai jar riga, ɗaure igiyar hularka."