Baƙin Ƙyalle a Kan Amya

"Barci yake yi," in ji Hubert, ya tokare ƙofar da ƙafa. "Likita ya ce kar a tashe shi."

"Jiya ma haka ka ce. Wane irin barci ne wannan, Mista Hubert?"

"Irin na marasa lafiya, Misis Ackroyd. Ki bar romon, zan kai masa."

Ban bar masa ba. Na juyo da kwanona, ina taka ciyawar da aka shimfiɗa a titi don kar ƙarar keken doki ta dami majinyaci.

Ni da mahaifin Hubert, Jabez Crabtree, a ɗakin saƙa ɗaya muka taso, kafin ya gina masaƙar ulu mai ma'aikata ɗari shida, kafin garinmu ya tura shi majalisa a Landan. Duk da haka bai bar unguwarmu ba, gidan kawai ya faɗaɗa. Da ciwo ya kwantar da shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Keziah, ke kika wanke uwata da matata. Ni ma ke za ki wanke ni. Kar ki bari a bar ni ni kaɗai."

Gobe ne zaɓe, kuma sunansa na kan kowane bango.

Na zagaya ta bayan gidan. Tagar ɗakinsa a buɗe take, a wannan sanyin, ga mutumin da ƙura ta cinye wa huhu. Babu hayaƙi a bututun murhunsa. Na leƙa lambu ta kan katanga. Amyoyin zumarsa guda huɗu, kowacce an ɗaura mata baƙin ƙyallen makoki.

"Seth!" na kira tsohon mai lambu. "Zo nan, munafuki."

Ya taho yana murza hula.

"Yaushe?"

"Jiya da safe," ya ce a hankali. "Mista Hubert ya ce duk wanda ya buɗe baki kafin a gama zaɓe, korarre ne. Wai in aka zaɓi tsohon tukun, shi zai gaji kujerar cikin sauƙi. Ban faɗa wa mutum ba, Keziah, na rantse. Amma ƙudan zuma dole a gaya musu maigida ya rasu. In ba a gaya musu ba, tashi za su yi."

"Wa ke zaune da shi?"

"Babu kowa. An kulle ɗakin."

Wannan karon ban ƙwanƙwasa ba. A zaure na iske Hubert, yana gyara furen jam'iyya a ƙirjinsa.

"Ba ni makullin."

"Ke wa ya..."

"Saura minti goma a busa usur na tashin rana a masaƙa. Ko ka ba ni, ko in je bakin ƙofar masaƙar in tsaya in shelanta. Ka san muryata, yaro. Da ita nake magana a cikin ƙarar injuna tun ba a haife ka ba."

Ya dubi agogo, ya dube ni. Ya miƙo makullin.

"Ki wanke shi kawai. Kar ki taɓa labule."

Jabez na kwance yadda ya cika, baki a buɗe, tabarau a karkace. Na ɗumama ruwa, na wanke shi, na ɗaure masa haɓa, na taje masa gemu. Na ce masa, "Na makara, tsoho, amma ga ni."

Sannan na je taga na ja labulen na rufe, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya rasu a titinmu.

Na zauna kusa da shi. Ta ɗan tsagin da ya rage, na ga matar mai burodi ta fito, ta ɗaga kai, ta koma ciki. Labulenta ya rufu. Sai na gidan da ke kusa da ita, sai na gaba, har gangaren masaƙa.