Kalmar da Ba Ta Fita Bakin Tanimu

Idan ana zancen mutanen da duniya ta gwada ta gaji ta ƙyale, a garin Ƙarfi da Tanimu ake farawa. Shi ne ya ci shekarar fari da ganyen tafasa da ruwan rijiya, ya fito da ƙarfinsa. Kububuwa ta sare shi a gonar auduga, washegari aka tsinci macijin a mace, shi kuwa yana can yana huɗa. Motar kasuwar Bakori ta taɓa kifewa da su, ya fito ta taga da buhunsa a ka. Ɓarayin daji da suka kore masa shanun huɗa sun zo sun wuce, yana nan zaune a ƙofar gidansa. Bai taɓa shiga aji ba, kuma har yau bai ga abin da ya rasa ba. Duk wanda ya yi musu, ya je ya tambaye shi, zai ji har da ƙari.

Abu guda ne bakin nan nasa bai taɓa yi ba, shi ne kiran sunan ɗansa na fari. Murtala ya haura hamsin, gemunsa ya fara fari, har jika gare shi, amma a wurin ubansa sunansa "kai", idan ba ya nan kuma "wancan". Haka Tanimu ya tarar ana yi a gidansu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a bari kowa ya ga an damu da shi, balle shi kansa.

To, tun da shanu suka tafi, gonar Tanimu ta bakin rafi ba ta nomuwa sai da tarakta, don laka ce mai nauyi. Tarakta kuwa ta ƙungiyar manoma ce, kuma ta waya ake kama layinta. Bara autarsa Raudatu ce ta buɗe masa rajista a shafin ƙungiyar, a wayarsa. Da aka zo wurin kalmar sirri sai ta ce, "Baba, zaɓi abin da ko an tsare ka ba za ka faɗa wa kowa ba. Masu damfara sun yi yawa."

Tanimu ya ɗaga haɓa ya nuna bakin rijiya, inda Murtala ke wanke babur.

"Sa na wancan."

Raudatu ta dube shi, ta dubi yayanta, ta danne dariya. Ta rubuta sunan, ta haɗa da lambobin ƙarshen wayar. Ya ce mata idan maganar ta fita, ta nemi wani uban.

Bana Raudatu tana gidan mijinta, wani ƙauye gaba da Ɗandume, inda sai an hau dutse waya ke shiga. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu. Sai ga sanarwa daga ƙungiya cewa an bar shafin nan na bara, yanzu manhaja ake saukewa a waya, kuma da la'asar ɗin ranar za a rufe layi. Wanda bai shiga ba sai an gama da kowa, lokacin masarar mutane ta kai gwiwa.

Murtala ya sauke manhajar, ya tsugunna gaban ubansa da wayar.

"Baba, tana neman kalmar sirri. Ka san ta?"

"Ni ne ban san ta ba? Ni da na zaɓe ta?"

"To faɗa in rubuta."

"Kai, tayar da babur. Funtua za mu."

"Funtua kuma? Kalma guda fa, Baba."

"Na ce maka tayar."

Suka kama hanya. Gonaki hagu da dama sun yi ja, an kafta wasu, ƙamshin ƙasa yana tashi. Tanimu yana baya yana faɗa wa iska yadda ya taɓa takowa daga Funtua zuwa gida da ƙafa, da garma a kafaɗa, bai sha ruwa ba. A cikinsa kuwa yana ta juya abin. Karatu bai iya ba, balle ya rubuta da kansa. Faɗa kuma ba zai yi ba. Ba kiran sunan kaɗai ba ne ma. Idan wancan ya ji cewa duk duniya da abin da ke cikinta sunansa aka zaɓa aka kulle gona da shi, da wane ido za su ƙara kallon juna?

Kusa da tasha akwai rumfar wata mai gyaran waya, Sakinatu, wadda mutanen Ƙarfi ke kai wa aiki. Yarinya ce mai baki, ga hannu. Ta gaishe su, ta jawo wa tsohon benci, ta karɓi wayar.

"Baba, ai abin mai sauƙi ne. Kalmar sirri kawai."

"Ita ce dai ba ya son faɗa," in ji Murtala.

"Ya manta ke nan."

"'Yar nan, kin san da wa kike magana? Ni nake riƙe da iyakar kowace gona a Ƙarfi a kaina. Dagaci ma ni yake aiko wa. Mantuwa ba ta san hanyar gidana ba."

"To raɗa mini a kunne."

"Ba ta raɗuwa."

"Zagi ne?"

"Allah ya kiyaye."

Ta ce to a sauya sabuwa. Ta danna, ta jira, sai ta girgiza kai. Lambar tabbatarwa wayar Raudatu ake tura wa, don lambarta ta sa a rajistar. Suka kira Raudatu, wayar ta ce ba a samunta. Suka sake, haka. Aka kira sallar azahar, suka je suka dawo, har yanzu haka.

Tanimu ya ga rana ta fara karkata. Ya yi wata dabara.

"Kai, je ka sayo mini goro. Fari. Na can bakin kasuwa, ba na nan ba."

Yana nufin idan wancan ya yi nisa, ya nuna wa yarinyar bayansa da haɓa, yadda ya yi wa Raudatu, sauran ta ƙarasa da kanta. Ko da yake wannan ma da ɗaci, don rumfar mai waya kasuwa ce, abin da aka faɗa a nan da yamma yana Malumfashi. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Bai kai ga ɗaga haɓar ba sai ga Murtala a kansa da goro a hannu.

"Ga mai goro nan bayan rumfa, fari ne tas."

"Na ce maka na bakin kasuwa."

"Shi ma daga can ya saro, na tambaye shi."

Tanimu ya karɓa ya ɓare, ya tauna kamar goron ne ya yi masa laifi. Murtala ya zauna a kan babur, ya ce, a hankali, "Baba, idan layin nan ya wuce mu, gonar rafi ta tafi bana. Kai ka san lakar nan. Idan ruwa ya zauna, ko tarakta ba ta shiga."

Ya sani. Gonar nan ita ke cika rumbu biyu. Ya dubi ƙasa, ya buɗe baki zai faɗi sunan, ya fasa. Mutumin da maciji ya sara, macijin ya mutu, ga shi yau kalma ta sa shi gumi a kan benci.

Sakinatu tana ta juya wayar. Can ta ce, "Tsaya, Baba. Bara, bayan an yi rajistar, ka ƙara shiga shafin?"

"Sau nawa ma. Ni nake duba ranar da tarakta za ta zo."

"Kai kake rubuta kalmar?"

"Ni da rubutu? Wani abu ne zagayayye mai launi nake dannawa, sai ya buɗe da kansa. Ya san ni."

"To ai shi ke nan." Ta matso da kujerarta. "Burauza ke nan, inda ake buɗe shafi. Raudatu ta sa ta ajiye kalmar. Tana nan a cikin wayarka, a kulle. Manhajar ce dai baƙuwa, ba a haɗa su ba."

"Yi mini bayanin mutane."

"Kamar ka ba uwargida ajiyar makullin rumbu. Sai ka ɗauki sabon ɗan aiki. Ba sai ka ba shi makullin a hannu ba. Idan ya zo, ita za ta buɗe masa, amma sai ka ce a buɗe."

"To, wannan magana ce. Tun ɗazu da haka kika fara."

Ta shiga saitin wayar, ta kunna wurin da ke ba manhajoji damar karɓar ajiyar burauza. Ta koma manhajar tarakta, ta taɓa gurbin kalmar sirri. Sai wani ɗan layi ya fito a ƙasa. Da ta taɓa shi, wayar ta nemi yatsa.

"Ga shi nan. Ba ta yarda da ni ba, kai take nema. Da wane yatsa kake buɗe wayar?"

Tanimu ya goge babban yatsansa a riga, ya ɗaga shi kowa ya gani.

"Wannan. Shi ya riƙe garma tun kafin a haifi uwarki."

Ya ɗora. Gurbin ya cika da baƙaƙen ɗigo a jere, kamar an zuba irin gero a rami. Ya kafa musu ido. Murtala ya taso ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Mene ne waɗannan?"

"Ita ce kalmar, a rufe," in ji Sakinatu. "Ka ga ɗan idon nan a gefe? Idan na taɓa shi za ta bayyana. In buɗe yaya ya rubuta maka ita, saboda gaba?"

Tafin hannun Tanimu ya rufe wayar gaba ɗaya.

"Bar ta da mayafinta."

"Shi ma daidai ne. Ko ni ba na son in sani. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce daga ƙungiya yake, ka faɗa masa, ƙarya yake yi."

"Ya daɗe bai kira ba."

Ta danna, manhajar ta buɗe. Ga sunan Tanimu, ga gonar bakin rafi. Ta zaɓa masa Talata da safe, ta nuna masa alamar kore da ta fito, ta ce ya shiga layi. Sannan ta sa ya fita ya sake shiga da kansa, ya taɓa gurbi, ya taɓa layi, ya ɗora yatsa. Ya yi babu kuskure. Ya juya ya faɗa wa mai goro da wani mai Keke da ke jiran fasinja cewa abin da 'yan boko ke shekara suna koyo, shi a zama guda ya gama da shi.

Murtala ya sauke ajiyar zuciya, ya sallami Sakinatu. Ita kuwa bakin nan nata bai bar ta ba.

"Ni dai na gane, Baba. Sunan wata ne. Wata ta da can, kafin Inna."

Murtala ya kawar da kai yana murmushi. "Ni ma abin da na zata ke nan tun a gida."

Tanimu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ji wani sanyi ya sauka masa har ƙafa. Ya gyara hula.

"Ku yara ne. Ba ku ga Tanimu da ƙuruciya ba. Ranar kasuwar Bakori idan na shigo, masu fura barin kwanonsu suke yi."

"Wace ce a cikinsu?"

"Sun yi yawa, 'yar nan. Ki bar tone-tone."

Suka hau babur. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska mai laima tana kaɗa rigar tsohon. Da suka fita gari Murtala ya ce gobe da sassafe zai je gonar rafi ya cire kututturan nan na gefen gabas, kada su karya wa tarakta haƙori.

"Ka tafi da gatarina, naka ba ya ci."

"To, Baba."

"Kuma ka rage gudu. Ba don ni ba, ni mota ma ta gwada. Babur ɗin nake ji."

Murtala ya rage. Tanimu ya soka wayar can cikin aljihun ciki, ya dafa kafaɗar da ke gabansa saboda ramuka, ya ci gaba da labarin masu furar Bakori har suka shiga Ƙarfi.