Kazar Minti Ashirin

Ƙararrawa ta buga, Talatu ta janyo tiren kaza daga ƙarƙashin fitilar ɗumama abinci. Cinyoyi goma sha huɗu, suna ta tururi, ko ƙuda bai sauka a kansu ba. Laifinsu ɗaya, sun yi minti ashirin babu mai saye.

Dokar Baba Yun ce, mutumin Koriyan da ya kafa gidan abincin. A wannan reshe na Nassarawa GRA ba wanda ya taɓa ganinsa sai a hoton da aka rataye saman tukunyar suya, da 'yar kyamara a gefensa. Kullum da safe muryarsa kan fito ta lasifika, manaja Jamilu na fassarawa: yadda ya tashi maraya bayan yaƙi yana tonon bola, yadda ya fara da kasko ɗaya har rassansa suka cika ƙasashe. Masu wanke-wanke na raɗa cewa tsohon ya daɗe da mutuwa, muryar ce ba ta samu labari ba. Talatu takan yi dariya, amma ba ta son juya wa hoton baya.

Ta juye kazar a bokiti, ta kwarara mata bilic, ruwan wankin nan mai guba. Wannan ma doka ce, kada wani ya yi kwaɗayi. Wai wanda ya san yunwa ne ya kafa ta!

"Yallaɓai," ta taɓa ce wa Jamilu, "wannan ai almubazzaranci ne. A bar mu mu kai wa yara mana."

"Yaya Talatu, ni ma ɗan aike ne." Ya nuna hoton da haɓa. "Abokiyar aikinki Larai tsoka ɗaya ta ƙulle a zani, kafin la'asar an sallame ta."

Talatu ta koma bakin aikinta. Da wannan aikin take ciyar da 'yarta Najla.

*

A bayan gini, inda ake zubar da shara, wata mata ta soma tsayuwa. Doguwa, hijabinta ya koɗe, ba ta roƙo, ba ta gaisuwa. Talatu na juye bokiti sai matar ta durƙusa ta buɗe buhu.

"Baiwar Allah, akwai guba a ciki fa."

Matar ta ɗago ido. "Ruwa na wankewa," ta ce a hankali.

Talatu ta ɗauki bokitinta. Ta so ta faɗa wa manaja, sai ta ga mai neman abin kaiwa baki za ta tona wa asiri. Ta koma ciki, wata ƙararrawar na jiranta.

*

Gab da magariba ta isa gida a Tudun Murtala. Najla na zaune kan tabarma, baki duk maiƙo, ga takarda da ƙasusuwa a gabanta.

Maƙwabciyarta Maryam ta leƙo tana fara'a. "Wata sabuwar mai tuya ce a bakin layi, doguwa haka, araha kamar a ce kyauta. Na ce yarinya kullum uwarta na soya kaza, ita ko ƙashi ba ta taɓa gani ba, shi ne na sayo mata."

Talatu ta ɗauki cinyar da ta rage. An sake soya ta, an barbaɗe ta da yaji. Ta kai hanci. Can ƙarƙashin yajin, warin bilic na nan. Ta juya ga Najla.

"Nawa kika ci?"

"Uku," in ji Najla, tana lashe yatsu. "Wannan na ajiye miki, Umma. Ki ci, da daɗi. Maƙogwaro kawai take ɗan ƙonawa."