Barista Saloma da Shari'ar Mangwaro

Tun a tasha Saloma ta fara zargin akwai wani abu. Ta sauko daga motar da ta kawo ta Zuru hutun Ista, jakarta cike da littattafai har zif ya ƙi rufuwa, sai wani ɗan kabu-kabu mai furfura a gemu ya taka burki a gabanta.

"Barista, sannu da hanya! Gidan Saja Mika ko?"

Ta waiga ta ga ko akwai wata a bayanta. Babu kowa sai mai sayar da rake. Ta hau, tana cewa a ranta wataƙila haka yake kiran duk wadda ya gani da tabarau. Amma da suka shiga unguwa, mai ƙosai ta ɗaga hannu ta ce, "Barista an dawo!" Tela ma ya leƙo ta taga ya faɗi haka. Da aka kai ƙofar gida ɗan kabu-kabun ya sauke mata jaka da hannu biyu, ya ce akwai wata 'yar magana ta fili da yake so su tattauna idan ta huta.

Saloma tana shekara ta uku a jami'a, kuma adabin Turanci take karantawa. Aikinta ta karanta labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo da aka rubuta da Turanci, ta zauna ta rubuta abin da ta fahimta, malami ya ja mata jan biro. Ba ta taɓa leƙa ajin lauyoyi ba ko da kuskure.

Ta sami mahaifiyarta, Mama Joyce, a madafa tana tuƙa tuwon dawa. Bayan sun gaisa ta ce, "Mama, wane ne Barista a gidan nan?"

Mama Joyce ba ta ɗaga kai daga tukunya ba. "Ke ce. Tun watan Nuwamba."

"Ni?"

"Je ki tambayi Babanki. Ni dai na gaya masa ranar da za ki dawo zan tafi Manga wurin yayata, ya ji da abinsa. Ciwon ƙafa ne ya hana ni."

A hankali labarin ya fito. Saja Mika ya yi shekara talatin da biyu a soja kafin ya yi ritaya, kuma kullum da la'asar yana zama da tsofaffin abokan aikinsa a ƙarƙashin wata darbejiya kusa da kasuwa. Wata rana aka shiga hirar 'ya'ya. Kofur Dodo ya ce ɗansa likita zai zama. Wani ya ce nasa injiniya. Da aka zo kan Saja, sai ya maimaita abin da Saloma ta gaya masa, tsakaninsa da Allah: tana karanta labaran da aka rubuta da Turanci, ta faɗi ma'anarsu.

Kofur Dodo ya ce, "Wato tatsuniya?"

"Ba tatsuniya ba, adabi."

"Shekara huɗu? Saja, kakata ta yi wannan digirin ba ta taɓa shiga mota ba."

Aka yi mako guda ana dariya. Duk wanda ya iso sai ya ce, "Saja, yau wace tatsuniya aka aiko daga jami'a?" A rana ta takwas Saja Mika ya zo da wandonsa mai kari, ya zauna, ya sanar cewa hukumar jami'a ta ga ƙwaƙwalwar ɗiyarsa ta mayar da ita ɓangaren shari'a. Daga ranar ba wanda ya ƙara dariya. Kofur Dodo ma har ya fara ba shi kujera mai majingina.

Da Saja ya dawo gida da yamma, Saloma ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha. Sannan ta ce, "Baba, me ya sa ka ce ni lauya ce?"

Ya ajiye kofi. "Zauna. Bari in tambaye ki. Lauya ba Turanci yake yi ba?"

"Yana yi."

"Ke ba Turanci kike yi ba?"

"Ina yi, amma..."

"Lauya ba manyan littattafai yake ɗauka ba? Dubi jakarki. Lauya ba gardama yake yi ba? Ga shi tun ba ki cire takalmi ba kin fara. To ina ƙaryar take?"

"Baba, idan wani ya kawo mini ƙara fa?"

"Wa zai kawo? Ki dai riƙa tafiya a hankali, ki rage dariya a hanya. Mako biyu ne ki koma."

A kwana na uku aka kawo ƙara. Da hantsi, Saloma tana wanki a tsakar gida, aka yi sallama. Maza biyu suka shigo, kowa yana kallon wani gefe. Ɗaya Baba Francis ne, tsohon malamin firamare, ɗayan kuma Malam Lawwali mai sayar da hatsi. Maƙwabtan juna ne shekara talatin, katanga ɗaya ta raba su, kuma duk unguwa ta san wata biyu ke nan ba sa ko gaisawa. Kowannensu ya yi niyyar zuwa shi kaɗai, sai suka yi karo a ƙofa, kuma ba wanda ya yarda ya koma.

Saja Mika ya fito da sauri, ya sa aka shimfiɗa tabarma aka jera kujeru. Ya matso kusa da ɗiyarsa ya raɗa mata, "Ki rufa mini asiri. Ki yi musu Turanci mai kauri, za su gaji su tafi."

Saloma ta share kumfa daga hannunta, ta zauna. Ta dubi mahaifinta, ta dubi dattawan nan biyu da suka san ta tun tana yawo ba takalmi.

Ta ce, "Baba Francis, Baba Lawwali, kafin ku fara, ni ba lauya ba ce."

Tari ya sarƙe Saja Mika. Mama Joyce, da ke leƙe daga madafa, ta koma ciki da sauri, ana jin tana dariya cikin zane.

Malam Lawwali ya ce, "To me kike karantawa, ɗiyata?"

"Labarai, Baba. Na Turanci."

Baba Francis ya dubi Saja ta saman tabarau, irin kallon da ya yi shekaru yana yi wa 'yan aji uku. Saja ya dubi sama kamar yana lissafin hadari, alhali ko gajimare babu.

Malam Lawwali ya gyara hula. Ya rufe shagonsa saboda wannan zama, kuma ya kwana biyu yana shirya jawabinsa. Ya ce, "To, tunda labari kike karantawa, ai ni ma labari na zo da shi. Ki saurara, ko ba ki yanke hukunci ba."

"Ni zan fara," in ji Baba Francis.

Saloma ta ɗauko littafin rubutu, don ba ta san abin da za ta yi da hannayenta ba. Maganar a kan bishiyar mangwaro ce. Gindinta yana gidan Baba Francis, amma manyan rassanta sun tsallaka gidan Malam Lawwali, kuma can ne 'ya'yan suka fi zuba. Baba Francis ya ce bishiyarsa ce, duk abin da ta haifa nasa ne. Malam Lawwali ya ce shi yake share ganyenta shekara ashirin, kuma abin da ya faɗo a tsakar gidan mutum daga sama ba a tambayar takardarsa.

Ba ta san doka ko ɗaya a kan mangwaro ba. Sai ta yi abin da aka koya mata a aji idan an ba ta labari: ta nemi inda ya faro.

"Wa ya shuka ta?"

"Ni," in ji Baba Francis.

"Kai?" Malam Lawwali ya juyo, karo na farko da ya dube shi. "Ni na zo da mangwaron daga Bena a buhu, ranar da aka yi bikin haihuwar ɗiyarka Glory. A gidanka muka sha. Ni na jefa ƙwallon bayan randa."

"Jefawa ba shuka ba ce. Ni na yi ta ba ta ruwa."

"Ruwan wanke-wanken matarka ne, ba kai ba."

Saloma ta rubuta. Sannan ta ce, "Shekara ashirin tana zuba a can ba ku yi faɗa ba. Me ya faru bana?"

Baba Francis ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka. "Ya ƙara wa katanga bulo layi uku. Da, kullum da safe ina brush a wannan gefe, yana alwala a wancan, mu gaisa, in gaya masa abin da rediyo ya ce. Rannan na tashi na ga siminti. Ko sallama babu. To mutumin da ba ya son ganin fuskata me zai yi da mangwarona?"

Malam Lawwali ya buɗe baki. "Fuskarka? Wa ya yi maganar fuskarka? Talotalonka ne!"

"Talotalona?"

"Wannan ɗan iskan tsuntsun da ka sayo! Kullum sai ya haura. Ya bi matata Khairat da gudu har cikin ɗaki, mace mai jikoki. Ni kaina ya tare ni a hanyar bayi, sai da na kare kaina da buta. Sau uku!"

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In zo in ce maka tsuntsu ya kore ni a gidana? Da wane baki?"

Saja Mika ya fashe da dariya har ya buga ƙafa. Baba Francis ya so ya daure, kafaɗunsa suka tona shi. Malam Lawwali ya ce ba abin dariya ba ne, tsuntsun yana da ido irin na mutum, sannan shi ma ya kama dariya.

Saloma ba ta yanke hukuncin komai ba. Mutanen biyu suka tashi suka fita suna gardama a kan ko talotalo yana iya tsallake bulo bakwai, suka manta ko sallama ba su yi mata ba. Ranar Asabar kafin Ista Baba Francis ya aika aka kira Malam Lawwali ya zo ya yanka tsuntsun, don gidajen biyu su ci. An ce ya zo da wuƙarsa tun kafin ɗan aiken ya gama magana. Katangar dai tana nan yadda take, don siminti ya riga ya kama, amma sun fasa bulo biyu a daidai tsayin fuska.

Shi kuwa Saja, abin bai zo masa da sauƙi ba. Labari ya riga shi isa darbejiya, kuma Kofur Dodo ya karɓe kujerarsa mai majingina. Kwana biyu Saja bai yi wa Saloma magana ba sai "an gode" idan ta kawo abinci. Abin ya dame ta, don ba ta so ta kunyata shi ba, kuma ta san ba don ya raina ta ya yi ƙaryar ba.

A rana ta uku ya same ta a inuwa tana karatu. Ya tsaya a kanta, hannu a baya.

"Wannan ɗin, me ke ciki?"

"Labarin wani mutum ne, Baba. Ya dawo daga yaƙi ya tarar ƙaninsa ya sayar da gonarsu."

"Ya sayar? Da izinin wa?"

"Ba da izinin kowa ba."

"To me ya yi masa?"

"Sai ka karanta."

Ya karɓa yana jujjuya shi. Ba littafin gaske ba ne, hoton littafi ne da ɗalibai suke bugawa a shagon bakin makaranta a ɗinke da zare. Ya ce shi ba shi da lokacin tatsuniya, amma zai duba ya ga irin Turancin da ake koya musu. Da ta tashi komawa makaranta ta neme shi, ya ce ta bar shi nan, bai gama dubawa ba.

Bayan mako uku, tana fitowa daga lacca, wayarta ta yi ƙara.

"Saloma! Wane irin aikin banza ne wannan?"

"Baba, lafiya?"

"Ina lafiya? Mutumin ya ɗauki adda ya nufi gidan ƙaninsa, ya ƙwanƙwasa ƙofa, na juya shafi, babu komai! Farar takarda!"

Sai a lokacin ta tuna mai shagon bai buga babi biyu na ƙarshe ba, don ranar an ɗauke wuta. Ita a laburare ta ƙarasa shi.

"Yi haƙuri, Baba. Bari in gaya maka yadda ya ƙare."

"Kada ki kuskura! Ki bugo sauran ki ba direban motar Zuru ranar Juma'a. Mutum shida ke jira a gindin darbejiya. Jiya saura kaɗan a yi dambe, wai ƙanin yana da gaskiya tunda shi ya yi jinyar uwarsu."

"Wa ya ce haka?"

"Wani mara tunani. Ki dai aiko. Kuma ki duba da kyau, shafi bayan shafi, kafin ki bar shagon."

Ranar Juma'a da sassafe ta kai takardun tasha a cikin ambulan, ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ta wuce aji.