Fentin Motar Lorna

Brantley Kosick maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ce ta cinye fentin motar Lorna Vasko. Na faɗa masa a gaban idonsa, zan kuma rubuta a nan, domin har yau akwai masu cewa wai tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne. Mutum ya san gaskiya, aka tambaye shi sau uku, sau uku yana murɗe ta.

Mu goma sha huɗu ne a ƙungiyarmu ta masu goge mota, a bayan garin Toledo. Kowace Asabar da safe muna haɗuwa a garejin Baba Emmett, tsohon mai fentin mota da ya ajiye aiki, mu sha kofi, mu goge motoci har mutum ya ga haƙoransa a jikin ƙofa. Kowa da kofinsa rataye a ƙusa da sunansa a jiki. Ni gyaran bas ɗin makaranta nake yi, kuma abin da na sani na fenti a hannun Baba Emmett na koya, sauran a jikin motocin da na ɓata da hannuna. Brantley ɗan ƙungiya ne kamar kowa, sai dai shi ma'aikacin kamfanin Pellworth ne, masu ƙera injin goge mota, kuma shi ke ɗaukar waya idan wani a yankinmu ya kira da koke. Farkon bazara ya kawo mana sabon ƙaramin injinsu, wanda ke shiga lungun da babba ba ya shiga. Ya yi ta zuba masa kirari, har bidiyo ya ɗauka yana yabonsa da bakinsa. Mutum huɗu suka saya. Lorna na cikinsu.

Lorna ma'aikaciyar jinya ce, mace mai nutsuwa, ba ta da garaje. Motar baƙar Buick ce ta 1967, ta mahaifinta, kuma fentin da ke jikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta. Tsohon ya shekara arba'in yana wanke ta da hannu. Burinsa ya kai ta gasar watan Agusta, rukunin motocin da ba a taɓa sake musu fenti ba, amma ya rasu kafin ya kai. Lorna ta ce ita za ta kai. Irin wannan fenti bai kai kaurin takarda ba, duk gugar da ka yi ka rage shi, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Babban inji ya gama mata bonet da rufi. Saura lunguna: gefen gilashi, kewayen mariƙin ƙofa, da dogon ƙashin nan, wato tudun ƙarfen da ke bin saman tayar gaba. Don su ta sayi ƙaramin.

Muna da al'ada. Duk sabon inji, sai ka ja baƙin layi da alƙalamin maka a bayan faifan da ake manna soson guga a kansa. Idan inji na aiki, za ka ga layin yana zagayawa. Idan ya tsaya yana karkarwa wuri ɗaya, faifai ba ya juyawa, ba guga kake yi ba. Lorna ta ja layinta, ta gwada a ƙofar motar da take zuwa aiki da ita, ba a ta mahaifinta ba. Layi ya yi zagaye biyu ya tsaya. Injin ya ɗauki zafi, wani wari kamar na roba yana tashi.

Ta kira kamfani. Brantley ya ce sabon inji ne, bai saki jiki ba, ta ba shi kwana biyu. Ta kira na biyu, ya ce man gugar da take sawa ne ya yi yawa. Otis Renfro, ɗan ƙungiyarmu mai raba wasiƙu, shi ma nasa haka yake yi, ya rubuta a zauren masu injin a intanet. Kafin yamma an goge rubutun. Brantley ne mai kula da zauren.

Kira na uku ina tsaye a garejinta. Ranar Alhamis ce da la'asar, saura kwana tara gasa. Ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Pellworth, sashen abokan ciniki, Brantley ke magana, da me zan taimaka?"

"Kai Brantley, bar wannan karatun, ni ce Lorna. Har yanzu layin tsayawa yake."

Ya yi dariya. "Haba 'yar uwa, ke kuma? Injin nan ɗari nawa muka sayar, ba wanda ya yi kuka sai ke da Otis. Otis kuwa ko tsintsiya ka ba shi sai ya ce ta lalace."

"Ni dai a canza min wani."

"Sai in rubuta me a takarda? In ce mai shi tana jin tsoronsa? Lallaɓa shi kike yi kamar mara lafiya a gadon asibiti. Wannan ba allura ba ce. Ki kai shi gudu na biyar, ki danna. Ƙaramin inji nauyin hannu yake so."

Na sa baki na ce, "Brantley, Hollis ne. Warin robar fa?"

"A'a, shugaban bas ma yana nan? Warin sabunta ne, Hollis. Ka taɓa ganin sabon abu mara wari? Lorna, ki danna. In wani abu ya faru, ni ne."

Zan faɗi nawa laifin, don ba na son a ce na wanke kaina. Hancina ya gaya mini ƙarfe na cin roba a wani wuri. Shekara ashirin da shida ina jin warin nan a ƙarƙashin bas. Amma na ce a raina ai mutumin kamfani ne, ya fi ni sanin kayansa, na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun ina jin kunyarsa har gobe.

Lorna ta liƙa tef a gefen ƙashin tayar gaba, ta sa man guga ɗigo uku, ta kai gudu na biyar, ta danna kamar yadda aka ce. Bai kai minti ɗaya ba. Zafi ya narkar da tsakiyar soson, soson ya zame ya yi tsalle can ƙarƙashin benci, bakin faifan ya sauka a jikin mota. Muka ji ƙiii. Da ta ɗaga, ga tabo kamar tsawon yatsa, baƙin ya tafi, jan fentin ƙasa ya tafi, ƙarfe fari yana kallonmu.

Ba ta yi ihu ba. Ta kashe injin, ta zauna a kan bokiti, ta sa yatsa tana shafa wurin. Can ta ce, "Babana bai taɓa bari ko maɓallin rigarsa ya taɓa nan ba."

Ranar Asabar Brantley ya zo garejin Baba Emmett da kwalin donat biyu da fuskar ta'aziyya. Ya dafa kafaɗar Lorna ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai. Sannan, don rashin kunya, ya ce tunda abu ya kai haka, bari ya koya wa jama'a yadda ake riƙe ƙaramin inji, kada wani ya sake yin kuskuren da ta yi. Kuskuren da ta yi! Haka ya faɗa, tana tsaye.

Baba Emmett yana da wani tsohon bonet a kan jakuna biyu na katako, wanda muke koyo a kai. Brantley ya ciro nasa injin daga jaka, iri ɗaya da na Lorna sak. Otis ya ɗaga waya yana ɗauka, kamar yadda muke yi duk lokacin darasi.

"Ɗauka da kyau, Otis," in ji Brantley, "ko ka koyi wani abu ban da buga ƙofar mutane."

"Ina ɗauka, farfesa. Gyara gashinka."

Ya kunna. Layin da ke bayan faifansa yana zagayawa lafiya lau, ya danna yana zagayawa, ya karkata shi yana zagayawa. Ya kashe ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Inji ba ya ƙarya. Hannu ne."

Lorna ta ajiye kofinta. "Ba ni naka."

"Me?"

"Tunda hannuna ne, ba ni naka in riƙe. Ga nawa, ka riƙe da hannunka mai albarka."

Ya ce ai nasa na kamfani ne, doka ba ta yarda wani ya taɓa ba. Baba Emmett ya ɗago daga kujerarsa. "A garejina dokar kamfani ba ta shigowa. Miƙa mata."

Ya miƙa. Lorna ta ɗora injinsa a bonet, ta riƙe shi yadda ta saba, a hankali, ba dannawa. Layi ya yi ta zagayawa. Ta kai shi bakin bonet, ta dawo, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Brantley kuwa ya kunna nata, layi ya yi zagaye biyu ya ƙame. Ya sassauta, ya ƙame. Ya danna har jijiyar wuyansa ta fito, warin roba ya cika garejin.

"Danna mana, farfesa!" in ji Otis. "Tsoronsa kake ji? Ba allura ba ce!"

Ba wanda ya yi dariya sai Otis ɗin. Baba Emmett ya ce a kawo masa injinan duka biyar, na mutum huɗu da na Brantley. Ya jera su a benci, ya ɗauki sifana, ya kwance faifan Lorna. Bayan faifan ya cinye, ya yi baƙi, da'ira guda inda yake gogar murfin injin. Na Otis haka. Sauran biyun haka. Da ya kwance na Brantley, wani abu ya faɗo, ya gangara a siminti, ya tsaya a jikin takalmina. Na ɗauka. Washa ce ta tagulla, 'yar ƙarama mai kama da zobe, irin wadda ake sayarwa a kowane shagon kayan gini. Gefenta da sawun zarto, an rage ta da hannu don ta shiga.

Ita ce ke ɗaga faifai daga jikin murfi. Babu ita, faifai na gogar murfi, ya tsaya, ya yi zafi, kuma iya dannawarka iya ƙonewarsa. An manta da ita a wannan zubin a masana'anta. Kuskure ne, kowa na yi, ba shi ne ya ba ni haushi ba.

Na ɗaga ta a gaban hancinsa. "Wa ya sa wannan?"

"Gwaji nake yi, Hollis, ban tabbatar ba tukuna..."

"Yaushe ka sa ta?"

Baba Emmett ya karɓa ya juya ta a tafin hannunsa. "Ta sha aiki. Wannan ta fi wata biyu a ciki."

Wato tun kafin Lorna ta yi kira na farko. Ya gano ciwon, ya yi wa nasa magani, ya bar na mutane. Da ya kai rahoto, da an janye injinan, da bidiyonsa na yabo ya zama abin dariya, da sunansa na wakilin da ba a mayar masa da kaya ya zube. Don wannan kawai. Kalma huɗu ta ishe shi a waya: ki sa masa washa.

"Kai maƙaryaci ne," na ce masa. "Ka san dannawa ita ce ke ƙona shi, ka ce mata ta danna."

"Lorna, 'yar uwa, kamfani zai yi miki fentin gefen nan gaba ɗaya, ni zan tsaya..."

"Kada ka sake kirana 'yar uwa," in ji ta. "Kamfaninku yana da fentin 1967? Yana da hannun babana?"

Baba Emmett ya ce mata zai iya rufe tabon yadda ko alƙalin gasa ba zai gani ba. Ta ce a'a. Ta ce an yi mata ƙarya ta ji zafinta, ba za ta je ta yi wa wasu ba. Ta shafa wa wurin kakin mota don kada ya yi tsatsa, ta kai motar gasa da tabonta a fili. Alƙalai suka tsaya a kansa, suka rubuta abin da suka rubuta. Ta zo ta shida. Kafin tabon, duk wanda ya san motar ya san ba ta da ta biyu a rukunin.

Otis ya aika wa kamfanin bidiyon tun daga farko har faɗowar washa, ya kuma sa shi inda Brantley ba shi da ikon gogewa. Cikin mako guda aka aiko wa kowa washa da wasiƙar ban haƙuri. Ranar Laraba kamfanin ya kori Brantley Kosick daga aiki. Ranar Asabar muka ɗaga hannu mu goma sha uku, aka cire sunansa daga ƙungiya, Baba Emmett ya sauke kofinsa daga ƙusa ya jefa a kwandon shara.